Layi Ɗaya a Tsinken Gwaji

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yan biyu, da fatan ƙafar nan taki ta daina kumburi. Mu ma nan da sauƙi, mun gode Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Kin san wayar gidan nan ɗaya ce, a aljihun maigidana Kafinta take wuni, kuma maganar da zan yi miki ba ta gabansa ba ce. Direban motar da ke zuwa wajenku ya yarda zai riƙa miƙa miki a shago. In kin rubuta amsa, ki ce ya kawo min wurin aiki, kada ya kai gida.

Yaya, wata uku ke nan ban ga al'adata ba.

Na san abin da za ki ce, ni ma shi na ce. Bayan rasuwar ɗana Ƙusa jinin ya dawo min sau biyu a kan lokacinsa, likita ta ce jikina ya huta, in muna so mu sake nema. Muka fara nema. Da watan farko ya wuce shiru, sai da na shiga banɗaki na toshe bakina da tawul don kada maƙwabta su ji ina dariya ni kaɗai. Ƙirjina ya cika ya yi nauyi, ga yunwa, ga ƙishirwa kamar na haɗiyi gishiri, ga barci a tsaye. Duk yadda na ji lokacin cikin Ƙusa.

Amma tsinken gwaji ya ƙi ni. Fitsarin farko na safe nake tsomawa, yadda aka ce, in ɗora shi a bakin taga, in juya masa baya in yi ta addu'a. In na juyo, layi ɗaya. Na ɗaga shi saitin rana, na haska da tocila, na kalla har idona ya fara ƙirƙiro na biyu da kansa. Na canja kamfani, na sayi mai tsada. Layi ɗaya dai, tsaye ƙyam.

To in ba ciki ba ne, ina jinin ya tafi?

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kafinta ya canja. Mutumin da muka yi shekaru bai san gwangwanin sukari da na gishiri ba, yanzu shi ke haɗa min shayi kowace safiya, ya zuba madara har ya yi kauri, ya tsaya a kaina sai na shanye. In na ce na ƙoshi ya ce, "Ƙarasa mana, saura kaɗan." Rannan na nuna masa tsinken, ya ce, "Allah ya kawo lokacin," amma bai kalli idona ba. Ya koma yana kaɗe garin katako daga wandon da babu komai a jikinsa.

Akwai kuma maganar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da zazzaɓi ya ɗauke mana yaron, a barandar asibiti, na ji shi yana ce wa ƙanensa, "Ni ba zan iya sake wannan ba." Bai san ina bayan ƙofa ba. A lokacin na ɗauka zafin rashi ne. Yanzu maganar tana dawo min duk sanda na kai kofin nan bakina.

Kin tuna shi ya laƙaba wa yaron Ƙusa, wai siriri ne amma in ya kama yatsanka sai da filaya. Yanzu ko sunan ba ya faɗa.

Aiki yana nan yadda kika sani, wanki da guga daga safe zuwa yamma, tururi har cikin ƙashi. Madam ta ɗauki sabuwar mai guga, muna kiranta Baƙuwa, tana zuwa da jaririyarta ta kwantar da ita a kwandon wanki. Shagon ya ɗan yi rai.

Ki gaya min gaskiya, Yaya, ke ce uwata tun da Inna ta tafi. Ni ce nake zautuwa, ko akwai abin da ke cikin shayin nan?

Ki shafa min kan 'yan biyu.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina tsakiyar ciniki, na karanta a tsaye, har na miƙa wa wata mata bokiti ta ce ita baho ta tambaya. Ƙafa da sauƙi. 'Yan biyu lafiyarsu ƙalau, ci kawai suka iya.

Ba zautuwa kike yi ba. Namijin da ya tashi rana tsaka ya koyi hanyar kicin, ko ya yi laifi ko yana shirin yi. Ni da na zauna da uban 'yan biyu na sani. Satin da ya fara sayo min turare, satin ne ya fara kwashe rigunansa ɗaya bayan ɗaya, ina ta murna ina fesawa, ashe sallama ce.

Ban ce Kafintanki mugu ba ne. Na ga kukan da ya yi ranar, ba na ganin ido ba ne. Amma mai tsoro yana iya yin abin da mugu ma zai ji kunya.

Akwai wata mai sayar da takalma kusa da ni, ta san kan waɗannan abubuwa. Na tambaye ta, ban kira sunanki ba, na ce wata kwastoma ce. Ta ce maganin hana haihuwa iri-iri ne, akwai mai ɗauke jini gaba ɗaya, mace ta yi ta jin alamun ciki alhali babu komai. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ni dai na gaya miki.

Saurara. Kada ki tambaye shi yanzu. Zai rantse miki, ke kuma da zuciyar nan taki ta auduga, ƙarshenta ke za ki koma kina ba shi haƙuri. Shayin kuwa ki karɓa da fara'a, ki ce ya yi zafi, yana juya baya ki san inda za ki zubar. Sannan ki bincika. Kada ki ɓata lokaci a aljihu, kowane namiji ya san mace tana laluben aljihu. Ki duba inda ya san hannunki ba ya zuwa.

Abu ɗaya ne ban gane ba a takardarki. Wata uku kina fama da tsinke a bakin taga, me ya hana ki komawa wurin likitar nan? Tsinke ai ba likita ba ne. Ke da in kanki ya sara sau biyu sai kin je asibiti?

Ki ci abinci. Ki rubuto da wuri.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Na ga amsarki, na gode, Allah ya bar min ke. Maganar asibiti zan je, layi ne yake da tsawo, Madam kuma ba ta son a nemi hutu yanzu da aikin otal ya yi yawa.

Yaya, na samu.

Na yi yadda kika ce. Shayin ina zuba wa shukar nan ta bakin ƙofa, har tururuwa sun yi mata sansani. Ranar da ya fita ɗauko katako ya bar akwatin kayan aikinsa a gida, na buɗe. Na ɗaga zarto da guduma, na zazzage gwangwanin ƙusoshi, babu komai. Har na fara jin kunyar kaina. Sai na ga gwangwanin tef ɗin awo ya yi shiru, ba ya ƙara in an girgiza. Ciki an cusa tsumma, cikin tsumman ƙwayoyi ne farare ƙanana a jikin ledarsu. An yanke ledar da almakashi, sunan ya tafi, sai haruffa biyu da ba su ce komai ba.

Ba a ɓalle ko ɗaya ba. Na tsaya ina tunanin ko hakan alheri ne, sai wata zuciyar ta ce min, to in tsohon ya ƙare ne aka sayo sabo fa?

Na ɗauka na kai wani kemis can nesa da layinmu. Matar da ke wurin ta juya ta juya, ta ce ba za ta rantse ba tun da babu suna, amma ya yi kama da wani maganin mata mai taɓa al'ada. Ta ce, "Wa ya rubuta miki?" Na ce tsinta na yi. Ta ce, "To kada ki sha abin da kika tsinta, baiwar Allah." Na fito ban san da wace ƙafa na iso gida ba. Na mayar da shi inda yake, na jera komai yadda na tarar.

Rannan kuma na bi shi. Ni, Yaya, na bi mijina a baya kamar ɓarauniya, na laɓe bayan motar ruwa. Kemis ɗin bakin layinmu ya shiga, suka haɗa kai da mai shagon suna ƙus-ƙus. Na kasa haƙuri na shiga na ce a ba ni man zafi. Mai kemis ya yi wuƙi-wuƙi da ido, ya ce, "A'a, uwargida, yanzu muke..." sai ya haɗiye sauran. Kafinta ya ce, "Maganin mura nake tambaya." Murar da ko atishawa ban ji ya yi ba.

Da muka dawo gida ya kalle ni ya ce, "Kin rame." Na ce, "Ka fi ni sanin dalili." Har ya ce wai ni ce nake da abin faɗa. Ni!

Tun ranar na shimfiɗa katifata a ƙasa. Na ce bayana ke ciwo. Bai musa ba.

Da safen nan na sake gwadawa, na ce ko da na daina shan shayin wani abu zai canja. Layi ɗaya. Jinin ma shiru.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, da ya zaunar da ni ya ce, "Auta, tsoro nake ji, mu dakata," wallahi da na dakata, ko ina kuka. Amma ya bar ni ina tsugunne a banɗaki kowace safiya ina roƙon tsinke, shi kuma yana bayan ƙofa ya san amsar. Na haɗa kayana a ƙaramar jaka na tura ƙarƙashin gado. In kin ce in taho, zan taho. Sai dai ba zan iya daɗewa ba saboda aiki.

Ki gaishe da yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Babbar Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya tare da yara. Ki gafarce ni, ban saba rubutu ba sai na awo a jikin katako.

Na san kuna wasiƙa, direban ya tambaye ni ko ni ne mijin mai wanki. Na ga an taɓa akwatina, domin ba haka nake kwantar da zarto ba. Na ga jakar da ke ƙarƙashin gado. Shi ya sa na ce gara in faɗa miki, ke tana jin maganarki.

Ni na fara zarginta, ba ita ta fara ba. Wata biyu da suka wuce na lura ranar hutunta ma fita take, ta ce aiki ya taru. Tana dawowa ta wuce banɗaki ta wanke rigar ciki da kanta, ta shanya a ciki inda ba zan gani ba. Ta ƙi zuwa asibiti. Na ce a raina ko wani wuri take zuwa ana yi mata allurar hana haihuwa, tana nuna min tsinke don kada in gane. Allah ya yafe min.

Rannan na bi ta har shagonsu, na zaga ta ƙofar baya. Akwai ɗan ɗakin da suke rataye zannuwan gado. Tana zaune a kan bokiti a kife, tana shayar da jaririyar abokiyar aikinta. Nono take ba ta, Yaya. Tana yi mata waƙar da take yi wa ɗanmu. Tun da yaron ya rasu ban ga fuskarta haka ba. Na koma da baya, na zauna a bakin kwalbati har ƙafata ta yi sanyi.

Na tambayi mai kemis ɗin layinmu ko mai shayarwa tana iya rasa al'ada. Ya ce sosai, wasu sai sun yaye take dawowa. Ya ce akwai maganin busar da nono, ya yanko min. Na karɓa. Shi ne abin da ta gani. Na rantse da Allah ko ƙwaya ɗaya ban ba ta ba, ban kuma taɓa niyyar saka mata a ɓoye ba. Niyyata in nuna mata mu yi magana. Kullum sai in ce yau, in na kalle ta sai in kasa. Ranar da ta same mu a kemis, tambayarsa nake ko zai karɓi abinsa.

Shayin kuwa madara ce da sukari. Mai shayarwa ce, tana tsaye kan guga wuni guda, wuyanta duk ya fito. Abin da na iya ke nan.

Na yi laifi da na yi shiru ina kallo tana wahala da tsinken nan. Amma in na faɗa, zan zama mutumin da ya ce mata ta zaɓa: ko ta bar nonon ya bushe, ko mu haƙura da wani ɗan. Nonon nan na ɗanmu ne. Shi kaɗai ya rage mata a jikinta. Ban san da wane baki zan faɗa ba.

Ina roƙonki kada ki ce ta taho. In kuma kin ga tahowar ce alheri, to ki sa ta ci abinci.

Na gode. A huta lafiya.

Ƙanenki,
Kafinta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Zan taƙaita, don ban san ko haushi nake ji ko kuka ba.

Mijinki ya rubuto min. Ya ce ya gan ki a ɗakin zannuwa kina ba 'yar Baƙuwa nono. Ya ce maganin da kika tono na busar da nono ne, mai kemis ya ba shi, ya kasa nuna miki. Ya ce shayarwar ce ta riƙe miki jini. Na koma wajen mai takalma, ta ce ai ita ma sai da ta yaye ɗanta na fari ta sake ganin nata. Na ce to me ya hana ki faɗa tun farko? Ta ce ai ban ce mata kwastomar tawa tana shayarwa ba. Ina zan ce, tun da ba a gaya min ba?

Gaskiya ne ko ƙarya? Takardu biyu kika cika min, har tururuwar shuka kin ba ni labari, amma wannan kika tsallake. "Shagon ya ɗan yi rai." Lallai kuwa. Ashe shi ya sa asibiti ya yi layi.

Ban wanke Kafinta duka ba. Namijin da zai iya riƙe magana wata biyu a cikinsa, a riƙa sa masa ido. Ki ƙirga ƙwayoyin da kanki, ki kai wa likita ta faɗa miki ko mene ne, kada ki ɗauki rantsuwar kowa.

Ita kuma Baƙuwar nan, wace ce? Daga ina? Ta ga mai makoki da nono a ƙirji ta samu inda za ta sauke nauyinta? Ita tana ƙiba ke kina ramewa? Ki gaya min, don in na zo ba sallama zan fara yi mata ba.

Na sa ki zubar da shayin bawan Allah na sati biyu. Wannan ni zan ji da shi.

Kada ki taho. Ki je ki same shi.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, kaina a ƙasa.

Gaskiya ne.

Kada ki ga laifin Baƙuwa, ba ita ta roƙa ba. Aiki aka yi mata wajen haihuwa, nononta bai zo ba, madarar gwangwani kuma yarinyar tana sha tana amayarwa. In kin gan ta a lokacin, kamar ɗan tsako da aka tsamo a ruwa. Wata rana Baƙuwa ta fita kai kaya, yarinyar ta tashi tana kuka a kwando. Kukan ya yi ta yi, sai na ji gaban rigata ya jiƙe. Na ɗauka nonon ya daɗe da tafiya, ashe yana nan yana jira. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na ɗauke ta kawai. Ta kama da ƙarfi, ta riƙe min yatsa.

Da uwar ta dawo ta same mu, ta durƙusa tana kuka, ni ina ba ta haƙuri ita tana ba ni. Daga nan kullum ne, sau da yawa a wuni, in kuma tatsa mata a kwalba ta tafi da shi gida. Yanzu yarinyar, da muke kira 'Yar Kwando, har da kumatu.

Na ɓoye ne don na san za ku ce in daina. Likita ma da ta duba ƙirjina za ta gane. Amma wallahi, Yaya, ban taɓa haɗa wannan da ɓatan watan ba. Jinin ai ya riga ya dawo, na ɗauka in ya dawo ya dawo ke nan. Ko kuma ban so in haɗa ba. Ban sani ba.

Na je na same shi a shago da rana, yana yankan katako. Ya kashe injin. Na ɗora ƙwayoyin a kan bencinsa.

Na ce, "Ashe har ɗakin zannuwa ka iya laɓewa?"

Ya ce, "Ke ma ai kin gwada. Motar ruwan nan ba ta rufe ki ba, gyalenki yana waje."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta. Na ce, "Na ji abin da ka ce wa ƙanenka a asibiti."

Ya daɗe yana murza fensir ɗin bayan kunnensa. Ya ce, "Na faɗa. Har gobe ina tsoro. Duk yaron da na ji yana tari a layinmu sai in tuna ranar nan. Amma tsoro na ce ina ji, ban ce ba na so ba."

Na ce, "Ka rantse ba ka taɓa zuba min komai ba."

Ya ce, "Sau ɗaya na zuba gishiri a madadin sukari, na zubar na sake wani."

Washegari muka je asibiti tare. An ɗebi jinina, an yi hoto. Babu ciki, Yaya. Duk da na sani, da likita ta faɗa da bakinta sai da na ji kamar an sake zare min wani abu. Likita ta ce mai yiwuwa ne shayarwar ce ta tsayar da al'adar, ga baƙin ciki, ga rama. Ta ga ƙwayoyin ta tabbatar na busar da nono ne, ta wanke Kafinta tas da faɗa, ta ce ba maganin da ake yanko wa mutum a kan kanta ba ne. Ni ma na sha nawa. Ta sa aka gwada lafiyarmu ni da Baƙuwa da yarinyar, duk lafiya. Ta ce in ina son ciki da wuri, in fara rage shayarwar. In kuma zan ci gaba, in daina azabtar da kaina da tsinke.

A hanyar gida na ce masa ba zan iya cire wa 'Yar Kwando baki daga nono yanzu ba. Sai ta fara cin abinci sosai. Ya ce, "Har yaushe?" Na ce ban sani ba. Ya ce shekaruna fa suna tafiya, nasa ma. Na ce na sani. Muna kusa da gida ya ce, "To ai ta zama ƙanwar Ƙusa." Yaya, ya faɗi sunan. A tsakiyar titi, mai kabu-kabu yana ta yi mana oda.

Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu in ya miƙo min kofi sai na shinshina kafin in sha. Yana kuma gani. Shi ma in na ce zan fita sai ya ce, "Ina?" da wata murya da ba tasa ba. Wannan sai a hankali.

Ki yafe min. In kin zo ki yi wa Baƙuwa sallama, don Allah.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Kin ji ni shiru watanni, lafiya ce. Direba yana jira, a tsaye nake rubutu.

'Yar Kwando ta yi haƙora huɗu, cokali take so yanzu. Satin da ya wuce na ɗauke ta zan ba ta nono, ta kawar da kai, ta miƙa hannu wajen kwanon uwarta. Na sake gwadawa washegari, ta yi min dariya ta ture ni. Ban sha komai ba. Nonon da kansa yake tafiya.

Yau da safe jini ya zo.

Na fito daga banɗaki na gaya wa Kafinta. Yana riƙe da takalminsa ɗaya a hannu, ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Auta, murna za mu yi ko kuka?"

Na ce ya zaɓi ɗaya, ni in ɗauki ɗayan, in an jima mu yi musaya.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta